Fayilolin Ruwan Kessel

Ellery, Iowa
Talata, 20 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙirjin naka? Yaya kake fama da zafin Arizona? Yayata Carol ta ce tarin ya ragu, na ji daɗi ƙwarai. Amma ta kuma kawo ƙararka, ta ce kullum na'urar jin maganar tana aljihun rigarka, ba ta kunnenka. Ni ma shaida ce. Ranar Lahadi na yi minti ashirin ina ihu a waya, duk abin da na faɗa sai ka ce, "Ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara." Shi ya sa na koma biro da takarda.

Mu nan lafiya lau. Surukinka Ray yana gaishe ka. Ruwan da aka tafka a farkon wata ya jiƙa gonar sharkaf, har yau tarakta ba ta shiga ba, masara tana buhu, shi kuma yana zagaye gida kamar wanda aka ɗaure.

Na samu wani aiki da nake so in ba ka labari, don kai kaɗai ne a danginmu ba ka hamma idan na fara zancen waya. Ka tuna ɗakin gwajin ruwan nan da ke bayan tsohon rumbun hatsi? Duane Hovland ne shugabansa yanzu, Duane naka, wanda ka koya wa kamun kifi bayan rasuwar babansa. Kowane mako ƙauyukan gundumar nan suna aiko musu ruwa a kwalabe, injin ya gwada, ya rubuta sakamakon a fayil, fayil ɗin ya zauna a wata babbar kwamfuta da muke kira sabar. Daga can ne Mista Curtis Bell na ofishin lafiya yake janyo su zuwa tasa kwamfutar, yana zaune a ofishinsa mil arba'in daga nan. To mako biyu ke nan ba ya iya janyo komai. Ya dame su da waya har Duane ya gaji ya kira ni jiya.

Baba, da ka ga inda suka ajiye sabar ɗin, da ka yi kuka. Tsohon banɗaki ne. Sun cire masan, suka cusa tsumma a bakin bututun, suka ɗora katako, suka ɗora kwamfutar a kai. Wari yana tasowa ta ƙarƙashin katakon. Kashin ɓera a kan allon rubutu, a kan wayoyi, har cikin fankar injin. A kusurwa ga takalman farautar Duane da laka a jiki, ga rabin burodi da nama da ya yi gashi kore. Mutanen da ke gaya wa gunduma guda ko ruwanta na da tsabta ke nan. Na fito waje na shaƙi iska sau uku kafin in iya zama.

Duane yana tsaye yana min dariya. Ya ce, "A'a, Injiniya da kanta! 'Yar Harlan, ashe kin wuce gyaran firinta? To shiga, amma ki toshe hanci." Na yi murmushi kawai saboda kai.

Ga matsalar, kai da ka yi shekara talatin da ɗaya kana hawa turakun tarho za ka gane. Irin wannan aike na fayil layi biyu yake amfani da su. Ɗaya na sallama ne: ka faɗi sunanka da kalmar sirri, a ce ka shigo. Na biyu shi ne na kaya, ta nan fayilolin ke bi. Curtis yana sallama, ana amsa masa, amma da ya ce a nuna masa abin da ke ciki sai komai ya tsaya cik, har kwamfutarsa ta gaji ta katse. Na gwada daga cikin ginin, lafiya ƙalau, kamar ruwa. Na koma gida na gwada daga tawa, sai na ga abin da Curtis ke gani. Wato sabar ɗin ba ta da ciwo. Ciwon yana tsakaninta da waje, kuma abu ɗaya ne a tsakanin: wani ƙaramin akwati da ake kira katangar tsaro, wanda ke yanke wa kowane saƙo hukuncin ya wuce ko kada ya wuce.

Na nemi kalmar sirrin akwatin. Duane ya ce Todd ne kaɗai ya san ta, mutumin da ya haɗa musu kayan, kuma ya koma Denver bara. Ya ce zai nemo shi. Akwai hanyar da zan bi in shiga ba tare da ita ba, da wata waya da ake sokawa a bayan akwatin, amma sai an kashe shi an kunna. Ya ce sam, kada in taɓa, wai in ya ƙi tashi sun shiga uku. Wurin aikinsa ne, na ce to.

Ka gaida Yaya Carol da maigidanta. Ka sa na'urar a kunne, don Allah.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lorna

Ellery, Iowa
Lahadi, 25 ga Afrilu, 2004

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da duk mutanen gidan. Katinka mai hoton murtsunguwa ya iso, yana jikin firji. Na ga hannunka ya ɗan daina rawa, rubutun ya fi na watan jiya kyau. Ko kuwa Yaya Carol ce ta rubuta ka sa hannu? Ka faɗa min gaskiya.

Aikin nan ya ishe ni. Kwana shida ina zagaye akwati kamar mai neman ƙofar gidan da aka gine. Tun da an hana ni shiga, sai na bi duk sauran abubuwan da za su iya zama dalili, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka koya min: a fara daga turken ƙarshe a dawo. Na tuka mota har ofishin Curtis na duba tasa kwamfutar, ba laifi. Na kira kamfanin da ke ba su intanet, na yi awa guda ina jin kiɗan jira, suka ce ba su toshe komai ba. Ranar Alhamis na ɗauka na kama ɓarawon: na ga sabar ɗin tana ba baƙi adireshinta na cikin gida, wanda ba ya aiki daga waje, kamar mutum ya tambaye ka inda kake ka ce masa "ɗaki na biyu daga hagu" ba ka faɗi gari ba. Na gyara, na kira Curtis na ce ya gwada. Shiru. Daidai inda yake tsayawa nan ya tsaya.

Kowace safiya ina tambayar Duane labarin Todd. Yau ya ce ya bar masa saƙo, gobe ya ce lambar ta canza, jibi ya ce matar Todd ce ta ɗauka. Abin da ke ba ni haushi shi ne ko a jikinsa. Na saba in aiki ya ƙi, mai wurin yana tsaye a kaina yana huci. Wannan kuwa sai ya leƙo da kofin kofi ya ce, "Injiniya, bi a hankali, ba gudu ake ba. Ai maza ma abin yana ba su wuya." Rannan ma ya kawo min kek ɗin da matarsa Bev ta gasa, ya ajiye min a kan katakon nan na bakin masai. Na jira ya fita na zuba a shara.

Curtis mutumin kirki ne, amma ransa ya fara ɓaci. Ya ce Duane yana aika masa taƙaitaccen sakamako ta fas, injin nan mai tura takarda ta layin tarho, wanda yake bugawa da hannunsa, amma mako uku ke nan babu na ƙauyen Kessel a ciki. Wai kwalaben Kessel suna zuwa a fashe, ko an cika su ba daidai ba. Curtis ya ce shi fayilolin injin yake so, waɗanda hannun mutum bai taɓa ba.

Akwai wata mata a wurin, Yolanda Pacheco, ita ce ke sarrafa injin gwajin. Mace mai tsabta, ita kaɗai ke share ɓangarenta. Da farko ba ta min magana sai gaisuwa. Ranar Juma'a ta zo ta tsaya a bakin banɗakin tana murza hannu, ta ce, "'Yar'uwa, in kin gyara, sababbin fayilolin ne kawai za su tafi, ko har da na baya?" Na ce duk abin da ke ciki Curtis zai gani. Ta ce to, ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ji tafiyar Duane ta juya. Ban san ko tsoron kuskurenta take ba. Ta ba ni tausayi.

Yau aka yi cin abincin bazara a coci. Merle Stroud, wan Bev, shi ya ba da aladu biyu daga gonarsa, Fasto ya sa aka tafa masa. Teburin mutanen Kessel kusan babu kowa, an ce ciwon ciki ne ke yawo a can, gida gida. Elmer Brandt abokin aikinka ma bai zo ba, an ce yana kwance. Ka rubuta masa 'yar takarda, zai ji daɗi. Duane ya zo teburinmu ya dafa kafaɗar Ray ya ce, "Matarka tana neman ta tare a banɗakinmu, ka zo ka ɗauki abarka." Kowa ya yi dariya. Ni naman ma kasa ci na yi, warin ɗakin nan ya zauna min a hanci, duk abin da na kai baki shi nake ji.

Zan ƙara ba shi kwana biyu ko uku. Ka yi min addu'ar haƙuri.

Taka har kullum,
Lorna

Ellery, Iowa
Juma'a, 30 ga Afrilu, 2004

Baba,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma in Yaya Carol tana kusa ka kira ta ku karanta tare. Ni lafiyata ƙalau, Ray ma haka, kada hankalinka ya tashi ta wannan gefen. Amma abin da zan faɗa maka ba shi da daɗi, kuma na fi so ka ji daga gare ni.

Jiya da safe Curtis ya kira ni ya ce an kwantar da yara biyu daga Kessel a asibiti, suna gudawa da jini. Ya ce ya aika a ɗebo masa ruwan ƙauyen a kai wani ɗakin gwaji a birni, amma sai an yi kwana biyu kafin a ji. Bai roƙe ni komai ba, ya ce dai, "Lorna, ina buƙatar fayilolin nan." Da na ajiye wayar na ɗauko wayar nan ta bayan akwati, wadda ke jakata tun ranar farko.

Duk Alhamis Duane yana zuwa cin abincin rana na ƙungiyar 'yan kasuwa. Motarsa na fita na durƙusa a ƙasan banɗakin, gwiwata a cikin kashin ɓera, na soka wayar, na kashe akwatin na kunna. Bai ƙi tashi ba. Minti huɗu, Baba. Minti huɗu kawai na shiga.

Todd mutum ne mai tsari, ya rubuta wa kowace doka suna a gefenta. Ta layin sallama tana nan a kunne. A ƙarƙashinta ga ta layin kaya, ya rubuta mata "fayilolin Curtis". Ba ta lalace ba, ba ta goge ba. Kashe ta aka yi, kamar yadda ake kashe fitila. Kuma akwatin yana rubuta wanda ya taɓa shi na ƙarshe, da rana da lokaci. Sunan Duane ne. Talata, shida ga Afrilu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Yana da tasa kalmar sirrin tun farko. Babu wani Todd da ya nema.

Na zauna a ƙasa ina kallon rubutun, na kasa gane dalili. Sai na ji mutum a bayana. Yolanda ce, ta ga fuskata, ta fashe da kuka. Ta ja ni wurin injinta ta buɗe min sakamakon Kessel na shida ga wata. Ban san aikinsu ba, amma ko ni na ga lambar da ya kamata ta zama sifili ta cika layi. Ƙwayoyin cuta ne irin na cikin kashi. Ka san tafkin da Merle ke tara kashin aladunsa, wanda ke kan tudu sama da Kessel? Ruwan farkon wata ya fasa gefensa, ya gangara ya shiga rijiyar da ke cika tankin ƙauyen. Mutum ɗari uku, Baba. Da shi suke shan kofi, da shi suke wanke baki, da shi suke dama wa jarirai madara.

Yolanda ta ce ranar ta kai wa Duane takardar da gudu, ya ce ta bar masa, shi zai kira ofishin lafiya da kansa. Washegari ya ce ya kira, ana kan magance shi. Maganin shi ne shi da Merle suka je suka zuba jarkokin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a rijiyar, suna jiran gwaji ya fito da kyau sannan a buɗe layin, a ce na baya kuskuren kwalba ne. Gwajin mako na biyu bai fito da kyau ba, na uku ma haka, don tafkin bai daina yoyo ba. Ta ce tun da ta ga ya hana ni taɓa akwatin ta san bai kira kowa ba. Mijinta a gonar Merle yake aiki, 'ya'yansu huɗu. Ta ce, "Kullum ina addu'a ki gyara, don kada ya zama ni ce na faɗa." Ban san ko in rungume ta ko in mare ta ba. Ban yi ko ɗaya ba.

Na koma na kunna dokar. Na kira Curtis na ce ya gwada yanzu, ya fara da na Kessel. Ina riƙe da wayar ina kallon fayilolin suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na ji ya ce wata kalma da ba zan rubuta maka ba, ya kashe.

Duane ya dawo ƙarfe biyu saura yana sakace haƙori. Ya ga wayar a bayan akwatin, ya ga Yolanda. Na ɗauka zai ji kunya. Wallahi ko kaɗan. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya ba ki izini?" Na ce masa fayilolin sun riga sun tafi. Sai ya sauke murya ya ce, "Lorna, ke yarinya ce, ba ki san yadda gari ke tafiya ba. Mutum sittin ke ci a gonar nan. In aka rufe ta ke za ki ciyar da su? Kwana kaɗan kawai muke nema." Na ce yara biyu suna asibiti. Ya ce ai yara kullum cikin ciwon ciki suke.

Na tambaye shi abu ɗaya: in ba ya so a gyara, me ya sa ya kira ni? Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ɗan yi dariya ta hanci, ya ce, "Curtis ya matsa sai an kira wani. Na ce bari in kira wadda za ta yi wata guda tana lalube." Ya zaɓe ni ne saboda ya tabbata ba zan iya ba, kuma saboda ya san 'yar Harlan ba za ta tsallake maganarsa ba. A na farkon ya yi kuskure. A na biyun kuwa ya yi daidai har kwana goma.

Na tattara kayana na fito. A bakin mota na amayar da duk abin da na ci. Da na isa gida na cusa wandon da na durƙusa da shi a shara, na yi wanka sau biyu.

Kafin yamma Curtis da ma'aikatansa suna bin Kessel gida gida suna cewa kada kowa ya sha ruwan famfo. Yau an kai musu tankar ruwa. Elmer ma an kai shi asibiti jiya, an ce ƙodarsa ce. Zan je in gan shi gobe in rubuto maka.

Ka yafe min wannan takarda. Na san yadda kake ji da shi.

'Yarka,
Lorna

Ellery, Iowa
Lahadi, 16 ga Mayu, 2004

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin? Yaya Carol ta ce kwana biyu ba ka ci abincin kirki ba bayan takardata. Don Allah ka ci. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kwanakin nan ban zauna ba. Ray ya samu ya shuka masara a makon jiya, ya ce in gaya maka layukansa sun fi naka miƙewa.

In fara da mai daɗi. Yaran biyu sun koma gida. Elmer yana nan da rai, amma likita ya ce daga yanzu sai an riƙa wanke masa jini sau uku a mako, har iyakar rayuwarsa. Na kai masa takardarka, ya sa na karanta masa sau biyu. Ya rame sosai. Ya ce in gaya maka ya hau turaku cikin ƙanƙara shekara talatin bai faɗo ba, sai ga kofin ruwa ya kayar da shi a kicin ɗinsa. Yana faɗa yana dariya, ni na kasa.

An rufe ɗakin gwajin ana bincike. Masu binciken sun ɗauke akwatin da sabar ɗin, ɗayansu ya sa safar hannu biyu kafin ya taɓa. Na ba da shaida, Yolanda ma ta bayar, ta faɗi komai har da nata laifin. An sallami mijinta daga gonar washegari.

Abin da ban zata ba shi ne garin. Makarantar firamare ta ce ba ta buƙatar in ci gaba da duba mata kwamfutoci, kantin kayan gona ma haka, ba wanda ya faɗi dalili. A kantin kayan abinci wata da muka yi aji ɗaya da ita ta ce min, "Da kin bari an gyara shi a cikin gida, Lorna, ai duk mu ɗaya ne." Na tambaye ta ko za ta sha kofi ɗaya na ruwan, ta juya keken sayayyarta ta tafi. Yau a coci Duane ne ya karanta nassi, da kwat ɗinsa mai ruwan toka, muryarsa ko rawa ba ta yi. Aka sa shi da Merle a jerin waɗanda za a yi wa addu'a saboda "jarrabawar da suke ciki". Sunan Elmer yana ƙasa da nasu. Da aka zo gaisuwar salama ya juyo ya miƙo min hannu. Na kalli hannun, na tuna inda ya shiga, na sa nawa a aljihu. Ray ya ce duk coci sun gani. Na ce madalla.

Ka tambaye ni game da takardar da Bev ta aiko maka, ta neman ka rubuta wa alƙalin da zai ji maganar shaidar halin Duane. Ba zan ce ka rubuta ba, ba zan ce kada ka rubuta ba. Yaron da ka sani maraya ne mai ladabi, kuma ban ce ƙarya ne ba. In ka rubuta, ka faɗi shekarar da ka san shi, ka tsaya a nan. Ba zan yi fushi ba.

Amma ba don waɗannan na ɗauki biro ba. Jiya na je Kessel. Har yanzu tankar ce ke ba su ruwa, sai an haƙa sabuwar rijiya. Tun daga kan gada warin ke tarar mutum. Na tarar da layi a gaban ofishin wasiƙu, kowa da jarkoki. Ban san me ya kai ni ba, na dai tsaya a gefe. Wata mata da 'yar yarinya a kafaɗa ta ƙura min ido. Yarinyar ba ta wuce shekara uku ba, har yanzu da filasta a bayan hannunta inda aka sa mata ƙarin ruwa. Matar ta ce, "Ke ce mai kwamfutar?" Na ce ni ce. Na ɗauka godiya za ta yi, har na fara shirya abin da zan ce. Sai ta ce, "Kwana nawa ya ɗauke ki?"

Baba, ina iya cewa an hana ni kalmar sirri. Ina iya cewa an yi min ƙarya. Duk gaskiya ne. Amma wayar tana jakata tun ranar farko, kuma ladabi ne kawai ya hana ni soka ta. Na ce mata, "Goma sha ɗaya."

Ta gyara wa yarinyar zama a kafaɗa, ta ce, "A na tara ta fara gudawar." Ba ta ɗaga murya ba. Layi ya matsa, ta cika jarkokinta uku. Ta dube su, ta dubi yarinyar, sannan ta dube ni ta ce, "To ɗauki biyu mana, kin tsaya kina kallo."

Na ɗauka. Gidanta yana ƙarshen titi. Na ajiye mata a bakin ƙofa na koma layin, na ɗaukar wa na bayanta, da na bayansa, har tankar ta ƙare. Yau hannuwana ko biron da ƙyar suke riƙewa, ka yi haƙuri da rubutun. Tankar za ta dawo ranar Talata ƙarfe tara, na ce wa Ray zan ɗauki babbar motar.

Ka gaida Yaya Carol da maigidanta da yara. Ka ci abinci, ka sha maganinka a kan lokaci. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarka mai ƙaunarka,
Lorna